Yadda Ake Buɗe Masaukin Masu Jinyar Yara Kyauta a Kano, da Yadda Ake Riƙe Shi

Bayan sallar isha'i, idan 'yan dubiya sun watse, ka zaga ta bayan ɗakin yara a kowane babban asibiti na Kano. Tabarmi za ka tarar a jere, a baranda da gindin darbejiya. Ga uwa ta yi matashi da ƙullin kayanta, kula da buta da bokiti a wajen kanta, goyonta na tari saboda raɓa. Can bakin masallaci maigidanta ne a zaune, takardun gwaji a aljihun gaba, yana jiran a ce a kawo jini ko a sayo allura. Galibi mutum ɗaya ake bari ya kwana a gefen gadon yaro, sauran kowa ya san inda dare ya yi masa. Wasu daga Gumel suka zo, wasu Daura, Nguru ko Azare, wasu har daga Damagaram da Maraɗi, kuma ba kowa ke da ɗan'uwa a birni ba. Mai ɗan'uwan ma, idan jinya ta kai wata biyu sai ya fara jin nauyin masu gida.

Illar wannan a kan yaron take ƙarewa. Ran da guzuri ya ƙare, jiki ya gaji, aka tuna an baro yara biyar a gida ga gona ba a nome ba, sai a sa hannu a takarda a ɗauke shi kafin likita ya sallame shi. A ciwon daji na yara abin ya fi fitowa fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na yaran da suka kamu suna warkewa, a ƙasashe da yawa masu ƙaramin ƙarfi kuwa ba su kai kashi 30 ba, kuma yanke magani a tsakiya yana cikin dalilan. Kemo, wato maganin ciwon daji, zagaye-zagaye ake yin sa, wata da watanni, ana tafiya ana dawowa. Haka mai jiran tiyata, da mai sikilar da ciwo ke yawan kayarwa, da bakwainin da aka sa a kwalba. Duk wanda ya ba uwar wurin kwana da tuwon dare, ya riƙe yaron ne a kan magani.

A Amurka an buɗe gidan Ronald McDonald na farko a birnin Filadelfiya a 1974, domin iyayen yaran da ke jinya a asibiti. Mu tun kafin nan muna da zaure da fatoma, saukar baƙo ba sabon abu ba ne a Kano. Tsari ne ya rage mana, domin gidan da zai tara masu jinya yana da haɗarin da zauren baƙi ba shi da shi. Lissafin da ke ƙasa na gida ne mai ɗaukar mutum 20.

A fara da asibiti kafin a nemi gida

Kuskuren farko da ake yi shi ne wani bawan Allah ya ce yana da gida a can bayan gari ya bayar, a share, a zuba katifu, sannan a tafi neman masu kwana. Ba za su zo ba. Uwar da ɗanta ke kan iskar oksijin ba za ta yi nisan da sai ta hau adaidaita biyu ba.

Ku zaɓi asibiti ɗaya. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya shi ne ake turo manyan larurori daga jihohin maƙwabta, jinyarsa kuma ta fi tsawo. Akwai Asibitin Murtala a wajen Ƙofar Mata, da Asibitin Yara na Hasiya Bayero kusa da gidan Sarki, da na Khalifa Isyaku Rabi'u a titin gidan Zoo, sai Asibitin Ƙashi na Dala inda yaro mai karaya ko mai gyaran ƙafa kan daɗe a kwance. Na Malam Aminu Kano da na Dala na gwamnatin tarayya ne, shugabannin asibitin za ku rubuta wa kai tsaye. Sauran na jiha ne, takardarku sai ta bi ta Hukumar Kula da Asibitoci.

Kafin takardar, ku je sashen walwalar marasa lafiya, ku kuma zauna da shugabar nas-nas ta ɗakin yara. Su suka san wanda ya kwana uku bai ci abinci mai ɗumi ba. Ku tambaye su cututtukan da suka fi daɗewa a gado, da watannin da ɗaki ya fi cika, da yawan iyalan da ke zuwa daga wajen Kano. Da izininsu, ku sa mutum biyu su ƙirga masu kwana a waje na tsawon mako biyu, maza daban, mata daban, yara daban. Wannan ƙirgar ce za ta gaya muku girman gidan, ba zuciya ba.

Sai yarjejeniya a rubuce, ko da shafi ɗaya ce. Ta ƙunshi cewa asibiti ne kaɗai ke turo mutum da takarda mai hatimi, cewa masauki ba ya ba da magani ko allura, da lambar wayar da kowane ɓangare zai kira a tsakar dare.

Rajista, amintattu da asusu uku

Ku yi rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiyar amintattu. Ana buga sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta, sannan satifiket ya fito. Bayan shi ku nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, domin banki zai tambaye ta. Asusu da sunan ƙungiya za a buɗe, mutum biyu cikin uku su sa hannu kafin kuɗi su fita. Kada a karɓi gudummawa a asusun wani mutum, ko shi ne limamin unguwa. Ba zargi ake yi ba, mutuwa da gado ake gudu.

A cikin amintattun lallai a samu mace mai faɗa a ji, tunda mafi yawan masu kwana mata ne, da ma'aikacin lafiya, da wanda ya iya lissafi, da malami. Ku kai wa mai unguwa gaisuwa tun kafin ku kama gida, ya sanar da dagaci, a kuma sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Unguwa ba ta son ganin baƙin fuska na shige da fice da daddare ba tare da bayani ba.

Kuɗin da ke shigowa a raba su uku a littafi, kada su gauraya. Na farko waƙafi da sadaka mai gudana: gida, rijiyar burtsatse, sola. Na biyu sadakar yau da kullum: albashi, gas, sabulu, kwashe shadda. Na uku zakka, wadda aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance wa mutum takwas. Mafi yawan malamai ba su yarda a yi gini da ita ba, amma fakiri da miskini da matafiyin da guzuri ya yanke masa suna ciki, kuma masu jinyar nan da yawansu haka suke. Don haka zakka ta tafi hannunsu, kuɗin mota ko na magani ko na abinci. Inda aka yi shakka a tuntuɓi Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha.

Kada ku buɗe ƙofa sai kuɗin tafiyar da gidan na wata shida suna ajiye. Masu ba da buhunan siminti suna da yawa, mai biyan kuɗin kwashe shadda a wata na takwas shi ne da wuyar samu.

Gidan kansa

Ma'aunin nisa shi ne tafiyar ƙafa ta minti 10 zuwa 15, amma tafiyar matar da ta haihu kwana huɗu da suka wuce, ba ta saurayi ba. Ku taka hanyar da kanku da ƙarfe biyun dare, ku ga ko akwai haske, ku ga wace ƙofar asibitin ce ke buɗe a lokacin. Ku tambayi maƙwabta yadda layin ke zama a watan Agusta. Ga mai son Asibitin Malam Aminu Kano, Gyaɗi-Gyaɗi da Darmanawa da Unguwa Uku ne wuraren dubawa. Gida marar bene ya fi mai bene.

Idan haya ce, a rubuta a cikin yarjejeniyar abin da za a yi da gidan, ƙarara. Wasu sukan ɓoye wa mai gida don kada ya ƙi, ran da ya ga an fito da gawa ko ya ji ana cewa gidansa ya zama asibiti sai ya ba da notis. A nemi shekara biyu aƙalla, lauya ya duba. Idan kyauta ce ko waƙafi, a rubuta da shaidu, magada su sa hannu tun mai shi na raye.

Mata a cikin gida, maza a shago ko zaure mai ƙofarsa da banɗakinsa daban. Ƙa'idar da masu aikin agaji ke bi ita ce murabba'in mita 3.5 ga kowane mutum, mafi ƙaranci. Ɗaki mai mita 4 tsawo da 4 faɗi mutum huɗu ke nan, kada a sa na biyar. Mutum 20 suna buƙatar ɗaki biyar, sai ƙarin biyu waɗanda kowa zai ce asara ce, alhali su ne ke tsare gidan. Ɗaya a bar shi a rufe domin keɓe wanda ya tashi da zazzaɓi ko gudawa. Ɗayan na yaron da ke tsakanin zagayen kemo ne da mahaifiyarsa, kuma shi za a ba ɗaki mai banɗaki a ciki.

Banɗaki ɗaya ga mutum 20 lissafin sansanin gudun hijira ne. A nan kowa asuba yake son yin wanka ya riski likitoci, don haka a yi uku ko huɗu. A duba shadda kafin a biya kuɗi, a ga girmanta da ko motar kwasa za ta iya shiga layin.

Katifa kowace a ɗinke ta cikin leda mai kauri irin ta asibiti. Katifar da ba leda, fitsarin goyo da kuɗin cizo za su gama da ita cikin 'yan watanni, kuma kuɗin cizo idan ya shiga gida mai baƙi kullum fitar da shi aiki ne. Gadon ƙarfe ya fi na katako saboda haka. Kowace shimfiɗa da gidan sauronta mai magani, tagogi da raga. Kowane iyali a ba su akwatin ƙarfe mai kwaɗo, domin kuɗin tiyata a ƙullin zani suke yawo, ɓatansu sau ɗaya ya isa ya ɓata sunan gidan.

Ruwa, wuta da gobara

Mai jinya wanki ne aikinta: zanen gado, kayan amai, tsumman jariri. A yi lissafin lita 50 ga mutum a rana, wato lita 1,000 ga mutum 20, jarka 40 ke nan mai lita 25 idan daga 'yan garuwa za a saya. Wannan kuɗi ne mai yawa a wata, shi ya sa burtsatse ke cikin abin da za a fara roƙa. A sa tanki biyu masu lita 2,000, ɗaya na aiki ɗaya na ko-ta-kwana. Ruwan sha a ware shi a mazubi mai famfo da murfi, kada a riƙa tsoma moɗa.

Wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce a watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40. Fanka shida masu wat 30 na awa 10, ƙwan fitila 12, cajin waya 20 da ƙaramin firji, jimla wajen kilowat-awa 4 ne a rana. Faifan sola na kilowat ɗaya da batir mai kilowat-awa 5 za su ɗauka, muddin ba a jona hita ko dutsen guga ba. Za a jona kuwa idan ba a hana ba, don haka soket ɗin ɗakuna a yi masa fis ƙarami. Wurin cajin waya a yi shi a fili inda kowa ke gani.

Tukunyar gas a waje take zama, a cikin keji mai iska, a duba tiyo da ruwan kumfa duk mako. Janareta nesa da taga. Da hunturu a sa ido sosai: mutanen karkara sun saba shiga ɗaki da kaskon gawayi, hayaƙinsa kuwa ba ya wari, a rufaffen ɗaki yana kashe mutum cikin barci. A raba barguna, a hana kasko da risho a ɗaki baki ɗaya. Ƙofar waje kada a kulle ta da makullin da mutum ɗaya ne ke riƙe da shi.

Kada gidan ya zama hanyar yaɗa cuta

Nan ne masaukin zai amfana ko ya cutar. Matan da ke kwana ɗaki ɗaya, da safe kowacce ɗakin jinya daban za ta nufa: wannan wajen jarirai, waccan wajen masu kemo, wata wajen masu gudawa. Abin da ɗaya ta kwaso, kafin azahar ya zaga asibiti. Kano ta ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a 2023, ga ƙyanda da sanƙarau da zafi, ga amai da gudawa da damina.

Duk mai shigowa, babba ko yaro, a yi masa tambaya a bakin ƙofa: zazzaɓi, ƙuraje, ciwon maƙogwaro, gudawa, tarin da ya wuce mako biyu. Mai ɗaya daga ciki asibiti zai koma a duba shi tukuna. Iyalan da yaronsu ke kwance da cuta mai yaɗuwa, sai likita ya ce babu matsala. Yaran da aka zo da su a duba katin rigakafinsu, wanda ya tsallake a kai shi a cike.

Ƙarambau a wurin yaro mai lafiya 'yan ƙuraje ne na mako guda. A wurin mai kemo yana iya zama ajali. Matsalarsa ita ce mutum na yaɗa shi kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurajen su fito, kuma yakan ɗauki kwana 10 zuwa 21 kafin ya bayyana a jikin wanda ya ɗauka. Ƙyanda kuma tun kwana huɗu kafin ƙuraje take yaɗuwa. Saboda haka ran da aka ga ƙurji a jikin wani yaro a gidan, keɓe shi kaɗai bai wadatar ba. A kira ɗakin jinya a ranar, a ba su sunan duk wanda ya kwana a gidan, domin akwai matakin da likita zai ɗauka idan an gaya masa da wuri.

A ajiye ma'aunin zafin jiki biyu. Yaro mai kemo ko mai sikila da zafinsa ya kai 38, imajensi za a kai shi nan take, ko ƙarfe nawa ne. Kada a ba shi farasitamol a ce a ga safiya, domin maganin zai rufe zazzaɓin ne ƙwayar cutar na ci gaba a cikin jini. Wannan doka a rubuta ta da boko da ajami a manna a bango, a kuma karanta wa kowace uwa.

Ga haɗin bilic, idan kwalbar Hypo ko Jik ta nuna kashi 3.5 cikin 100. Kofi ɗaya na bilic a kofi shida na ruwa shi ne mai ƙarfi, na amai da bayan gida da jini da ramin banɗaki. A zuba a bar shi minti 10 kafin a goge. A ɗebi kofi ɗaya na wannan haɗin a zuba a kofi tara na ruwa, shi ne mai sauƙi, na jiƙa zanen gado da kwanuka. Kullum a haɗa sabo, domin yana salancewa, musamman a rana. Kada a taɓa gauraya shi da wani maganin wanke banɗaki, iskar da ke tashi tana ƙona huhu. Bokitin banɗaki launinsa daban, na kicin daban. Sabulu da ruwa a bakin ƙofar shiga, a bakin banɗaki, a bakin kicin.

Masu tallar magani za su gano gidan cikin mako guda, domin sun san inda masu neman sauƙi suke. Kada su wuce ƙofa. Addu'a da tofi babu mai hanawa. Jiƙo da sassaƙe da garin magani kuwa, a roƙi iyaye su nuna wa likita tukuna, saboda hanta da ƙodar yaron da ke shan magani mai ƙarfi ba su da sauran wurin ɗaukar wani nauyi.

Wa zai shiga, yaushe zai fita

Gidaje irin wannan ba rashin kuɗi kaɗai ke kashe su ba, kunya ma tana kashe su. An sallami yaro, iyali ba su tafi ba. Wani ya zo da ƙaninsa mai neman aiki. Wani amintacce ya turo baƙinsa na biki. Kafin shekara gida ya cika da waɗanda ba su da kowa a asibiti, uwar da aka gina dominta tana baranda.

Maganinsa takardar asibiti. Ba takarda, ba gado, ko wa ya yi waya. Kowane yaro manya biyu, sai goyon da ke shan nono. A ba da kwana 14, idan sun cika a sabunta da sa hannun nas ɗin ɗakin. Bayan sallama kwana biyu, a haɗa kaya a nemi mota. Idan gado ɗaya ya rage masu nema uku, a duba tsananin ciwon yaron, da nisan garinsu, da ko suna da mai sauke su a Kano. Masu dawowa kemo a rubuta ranar dawowarsu a ajiye musu wuri, kuma a kira su kwana uku kafin ranar. Kiran nan na minti biyu yana dawo da yaran da da sun ɓace.

A rajista a rubuta sunan mai jinya, garinsu, ɗakin da yaro yake, lambar waya biyu. Sunan cutar ba dole ba ne, kuma littafin a kulle yake zama.

Yadda aka faɗi doka ranar farko shi ke sa a bi ta. Mai kula da gida ta zaunar da baƙuwa, ta ba ta ruwa tukuna.

"Inna, sannu da hanya. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, 'yar nan, alhamdu lillahi."

"Allah Ya ƙara sauƙi. Nan gidanku ne, ba a biyan ko sisi, duk wanda ya ce ki ba shi wani abu ki gaya mini. Ran da aka sallame ku za ki ƙara kwana biyu ki huta, sai mu ba wata wurin, kamar yadda wata ta tashi aka ba ki."

Wadda aka yi wa wannan bayani tun farko ba ta jin an kore ta.

Tukunya

A yi girki ɗaya na gida, safe da dare. Barin kowa ya hura wutarsa yana kawo gobara da rigima, yana kuma tona asirin wadda ba ta da abin ɗorawa. Lissafi mai sauƙi: giram 150 na tsaba ga babba a kowane ci. Mutum 20 sau biyu a rana kilo 6 ke nan, kilo 180 a wata, kusan buhu huɗu masu kilo 50. A cakuɗa shinkafa da masara da gero da wake. Hatsi a Dawanau, kayan masarufi a Singa, kayan miya a 'Yankaba, kuma 'yan kasuwar sun fi sakin hannu da kaya a kan kuɗi, sai a nemi kowane ya ɗauki abu ɗaya duk wata. Kayan azumi sukan yi yawa har su yi ƙwari, sai a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, a fara cin wanda ya riga shigowa.

Koko ya sauka kafin ƙarfe bakwai, saboda uwa ta kasance a gefen gado lokacin zagayen likitoci. Wadda ta rasa zagayen ta rasa bayanin yini guda. Tuwon dare a ajiye wa masu dawowa a makare cikin kula, amma abin da ya kwana a zafin Kano ba firji, a zubar. Abincin yaron da ke kwance kuwa, musamman mai ciwon ƙoda ko suga ko tamowa, umarnin asibiti ake bi.

Masu jego suna da nasu hali. Uwar bakwaini ana bukatar nononta duk awa biyu zuwa uku, dare da rana, ga ta da ɗanyen jiki, wata ma da ɗinkin tiyata. Ɗakinta ya zama mafi kusa da ƙofa, a tanadar mata ruwan zafi safe da yamma, da kunu, da mai raka ta da fitila. Idan ta tatsa a gida, a kofi mai murfi da aka tafasa, a kai nan da nan.

Ma'aikata da mutuncin baƙi

Ma'aikata huɗu sun isa: mace mai kula da gida wadda ke kwana a ciki, mai girki, mai shara da wanki, da maigadi. A biya su albashi. Aikin sa kai yana da kyau ga raka baƙo ɗakin gwaji ko nuna masa inda ake biyan kuɗi, amma ba a ɗora kwanan gida a kansa. Namiji, ko ma'aikaci ko amintacce, ba ya shiga ɓangaren mata sai da sallama da rakiyar mai kula. Ba a barin yaro shi kaɗai da wanda ba nasa ba. A samu direban adaidaita biyu a unguwar da suka yarda a tashe su da dare.

Jini yana cikin abin da ke tayar da hankalin baƙo, domin ba shi da dangi a kusa, nan ne kuma 'yan damfara ke samunsa. Ku tara sunayen matasan unguwa masu lafiya, daga shekara 18, masu nauyin kilo 50 zuwa sama, da rukunin jininsu. A ma'ajiyar jini ta asibiti kawai za su bayar, kuma ba a karɓar ko kwabo.

Kada a ɗauki hoton yaro mara lafiya ko uwarsa a sa a Facebook ko TikTok don neman taimako. Wadda ke cin tuwonku ba za ta iya cewa a'a ba, don haka amincewarta ba amincewa ba ce. Masu bayarwa a nuna musu lissafi: iyali nawa suka kwana a watan, dare nawa, nawa aka kashe, nawa ya rage. A manna shi a ƙofar ofis, a tura wa kowa.

Ran da aka yi rashi

Za a yi, kuma sau da yawa cikin dare. A shirya tun kafin ranar. A ajiye yadin alawayyo da turare da sabulu a akwati na musamman. A san mai wanka namiji da mace a unguwar, a yi magana da limami da masu kula da maƙabarta mafi kusa, domin wasu iyalan za su zaɓi a yi sutura a Kano maimakon doguwar tafiya da gawa a cikin zafi. Waɗanda za su tafi gida, a taimaka su karɓi takardun asibiti kafin su kama hanya, saboda shingayen jami'an tsaro, balle masu tsallaka iyaka zuwa Nijar. A san direbobi biyu ko uku da aka yi ciniki da su tun da rana tsaka, don kada a tsuga wa mai makoki kuɗi. Wannan kuɗin motar a ware shi a ambulan, kada a jira sa hannun mutum biyu da ƙarfe ukun dare.

Uwar kada a bar ta ita kaɗai, kada kuma a taɓa kayanta sai ta ce. "Allah Ya sa mai ceto ne, Allah Ya ba ku haƙuri" ya wadatar, ba a tsawaita wa'azi. Sauran matan ɗakin su ma a kula da su, domin kowacce a daren nan nata ɗan take gani, kuma a irin wannan safiya ce wasu ke cewa a ba su yaronsu su tafi gida. Mai kula ta zauna da su, idan da hali ta roƙi nas ta zo ta yi musu bayani. Bayan kwana bakwai a kira iyalin a sake yi musu gaisuwa.

Idan sun tafi, a cire zanen gado a jiƙa a haɗin bilic mai sauƙi, a goge ledar katifa, a fitar da ita rana yini guda, a wanke akwati a sauya kwaɗo. Sannan a kira sashen walwala a ce akwai gado.